AMSAR WASIƘUN MASU SAURARO: Gyaran Makewayi Da Ƙawata Gida Da Kuɗi Kaɗan

 A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu ne domin kusan maganarsu ɗaya. Ta farko ta fito daga wani manomi, kuma mai sayar da hatsi, a wani ƙauye na yankin Malumfashi. Ya ce bayan an kai amfanin gona gida zai aurar da ɗansa, yana so ya gyara gida kafin baƙi su zo, amma abin da ya fi damunsa shi ne makewayi. Wari ya hana zama a tsakar gida, ƙuda ba a magana, gefen ramin ya zabtare a daminar bara, kuma yaransa biyu sun yi fama da gudawa. Ya ce kuɗin hannunsa ba su kai ya kira magini daga birni ba. Wasiƙa ta biyu kuwa wata baiwar Allah ce ta aiko daga yankin Maraɗi, tana tambaya yadda za ta shafe ɗakinta da farar ƙasa ba tare da tana goge wa mutane a riga ba.

To malam, mun gode da wasiƙarka, Allah ya sa a yi biki lafiya. Ka kuma yi daidai da ka fara da makewayi. Mutane da yawa sukan kashe kuɗinsu kan zaure da ƙofar gida, wurin da ido ke gani, su bar bayi yadda yake, alhali kuwa daga nan ciwo ke shigowa. Ƙudan da ya sauka a bakin masai shi ne zai sauka a kan tuwon yara. Ta haka ake ɗaukar gudawa da atini da taifot da kwalara. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu uku, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Saboda haka wannan gyara da kake son yi, gyaran lafiyar iyalinka ne kafin ya zama ado.

INA ZA A HAƘA?

Tun da ka ce ramin ya zabtare, kada ka ɓata siminti a kansa. Ka cike shi da ƙasa, ka haƙa sabo. Abu na farko shi ne nisa da rijiya. Ka bar aƙalla mita 30 tsakaninsu, wato kamar taku arba'in na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Ka lura har da rijiyar maƙwabcinka, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Idan garinku fadama ne, inda ake tarar da ruwa kusa, to kada ramin ya yi zurfi. A bar kamar mita biyu tsakanin gindin ramin da inda ruwa ke tsayawa da damina, a ɗaga bakinsa sama da tubali don a sami ƙarin wuri.

A ƙasa mai ƙarfi, rami mai faɗin mita ɗaya da zurfin mita uku, wato ƙafa goma, zai yi wa gida mai mutum shida ko bakwai shekaru masu dama. Ka haƙa shi zagayayye kamar rijiya, ya fi mai kusurwa huɗu jure zabtarewa. Da rani ake wannan aiki, kuma kada mai haƙa ya shiga rami ba kowa a sama. Sa'an nan a ɗaure bakin ramin da bulo ko dutse ko jan tubali, daga sama zuwa ƙasa kamar ƙafa uku. Rashin wannan ɗauri shi ne ya sa naka ya rufta. Idan ƙasar rairayi ce, a ɗaure har gindi, amma a riƙa barin 'yan kafofi tsakanin bulo daga ƙasa domin ruwa ya riƙa tsanewa.

MURFIN SIMINTI

Abin da ke riƙe wari da tsutsa a yawancin masan ƙauye shi ne daɓen ƙasa da ke bakin ramin, domin ba ya wankuwa. Maganinsa murfin siminti, wanda magina ke kira silab. Iri biyu ne. Akwai babba mai rodi a ciki, wanda zai rufe bakin ramin gaba ɗaya. Akwai kuma ƙarami, ƙafa biyu tsawo ƙafa biyu faɗi, kaurin inci biyu, wanda ba ya bukatar rodi, ana ɗora shi ne a kan azara da aka jera aka rufe da ƙasa. Idan ƙaramin za ka yi, nemi azarar giginya, ita ce gara ba ta cika ci ba. Buhun siminti ɗaya mai kilo 50 zai fitar da irin wannan ƙarami biyar ko shida, ka ga ke nan kuna iya haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayi buhu guda ku raba.

Ga yadda ake kwaɓi. Kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi mai tsabta wanda ba laka, uku na ƙananan tsakuwa. Kada ruwa ya yi yawa, kwaɓin da ya yi ruwa-ruwa ba ya ƙarko. Ka shimfiɗa buhun siminti ko leda a ƙasa, ka yi ƙawanya da katako, ka sa wani guntun itace a tsakiya inda ramin zai kasance. Faɗin wannan rami kada ya wuce inci takwas, saboda ƙananan yara. Ka zuba, ka daddanna sosai, ka goge saman ya yi sumul, ya ɗan gangara zuwa ramin don ruwan buta ya riƙa komawa ciki. Ka yi matakan ƙafa biyu masu ɗan tudu, suna taimakon tsofaffi da mai shiga da dare. Sai babban sharaɗi, wanda mutane suka fi karyawa: a ajiye shi a inuwa, a rufe da buhu, a riƙa jiƙa shi safe da yamma har kwana bakwai. Simintin da rana ta busar da gaggawa shi ne ke tsagewa. Wajen ɗora shi kuma, ka daidaita yadda mai tsugunawa zai fuskanci kudu ko arewa, kamar yadda aka saba a ƙasarmu saboda alƙibla.

WARI DA ƘUDA

A nan hanya biyu ce, kuma ka saurara da kyau kada ka haɗa su.

Hanya ta farko ita ce ta makewayin da ba rufi, mai zana ko katanga kawai. Wannan abin da yake so marufi ne mai kama bakin ramin tsam, na katako ko na siminti, da dogon mariƙi. Duk wanda ya gama sai ya mayar. A ajiye tsohuwar tukunya da toka a gefe, a riƙa barbaɗa kaɗan a ciki, tana rage wari da tsutsa. A wasu kasuwannin birni kuma ana samun wani kaskon roba mai suna SATO, wanda ke da marufi daga ƙasa mai rufe kansa bayan an zuba ɗan ruwa.

Hanya ta biyu ita ce masai mai bututun iska. Wani masani mai suna Peter Morgan ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1970 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Dabarar ba wuya. Ana barin rami na biyu a jikin babban murfin, a kafa bututun roba mai faɗin inci huɗu ko shida, ya miƙe sak ya wuce rufin ɗakin da kamar ƙafa biyu, a ɗaure bakinsa na sama da raga irin ta taga. Iskar da ke wucewa ta saman bututun ita ke zuƙo wari daga cikin ramin ta yi sama da shi. Shi kuwa ƙuda haske yake bi. Idan cikin ɗakin da ɗan duhu, ƙudan da ke cikin rami zai hango haske ta bututu ya hau, raga ta tare shi, ya gaji ya faɗo ya mutu. A gwajin da aka yi can na kwana 78, an kama ƙuda 13,953 daga masan da ba bututu, mai bututu kuwa 146 kacal. To amma wannan iri dole sai da rufi, kuma ba a toshe bakin raminsa da marufi, domin ta nan iska ke shiga ta fita ta bututu. Ka shafa wa bututun baƙin fenti, ka sa shi ɓangaren da rana ke bugu, nesa da inuwar itace. Ka riƙa duba ragar, idan ta yage aikin ya ɓaci. Lokaci-lokaci a zuba ruwa ta sama don wanke yanar gizo.

Kowace hanya ka bi, kada a zuba baƙin mai ko kalanzir a rami da sunan kashe tsutsa, suna iya bi ta ƙasa su ɓata rijiya. Kada kuma a jefa ashana ko garwashi, domin akwai iska mai kama wuta a ciki. Ranar da ramin ya rage ƙafa biyu ya cika, a ɗauke murfin a kai sabon wuri, a cike tsohon da ƙasa. Kana iya dasa gwanda ko mangwaro a kai.

WURIN WANKA

Ruwan wanka kada ya shiga masai, yana cika shi da wuri, yana kuma jiƙa gefensa. Kada kuma a sake shi ta rariya ya kwanta a lungu, ya tara sauro, ya haɗa ka faɗa da maƙwabta. Ka haƙa wani rami daban bayan katanga, ƙafa uku faɗi ƙafa uku zurfi, ka cika shi da manyan duwatsu ko fasassun bulo daga ƙasa, ƙanana daga sama, ka jawo rariyar ta zuba a ciki, ka rufe da tsohon buhu da ƙasa. Shi ma a nisanta shi da rijiya da gindin gini. Daɓen wurin wankan a yi shi da siminti mai ɗan kaushi don kada gansakuka ta kayar da mutum, ya gangara zuwa rariya. Ka kafa ƙusa biyu a bango na rataye zane, da ɗan dakali na ajiye sabulu da soso.

A bakin ƙofa kuma ka yi wurin wanke hannu. Ɗauki ƙaramar jarka, ka huda ta kusa da wuya da ƙusa mai zafi, ka rataye ta a sanda tsakanin gwafa biyu, ka ɗaura igiya daga bakinta zuwa wata sanda a ƙasa. Da an taka sandar sai jarkar ta karkata ruwa ya zubo. Ka rataye sabulu a gefe, in babu a yi amfani da toka. Za ka ga yara da kansu suna rige-rigen zuwa.

ADON ƊAKI

Yanzu sai ke baiwar Allah ta Maraɗi. Abin da ke sa farar ƙasa gogewa shi ne rashin abin da zai kama ta. Ki jiƙa ƙaro cikin ruwan ɗumi ya kwana, ki tace, ki zuba kamar kofi ɗaya a bokitin farar ƙasar da kika dama kika tace. Ɗan shuni kaɗan yana ƙara mata haske. Kafin shafe ki share bango, ki toshe tsagu da ramukan ɓera da kyankyaso, ki yayyafa masa ruwa. Ki shafa tsarara sau biyu, ki bari na farko ya bushe, ya fi mai kauri sau ɗaya wanda zai ɓamɓare. Daga ƙasa zuwa gwiwa ki ja layi da jar ƙasa, tana ɓoye dattin ƙafa da na hannun yara.

Kada kuma a raina kayan iyaye. Makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, tana ƙarfafa yaɓe da daɓe, tana hana ruwa shiga. Haka ma ruwan bagaruwa a daɓe. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, shi magina ke shafe soraye da shi tun kafin zuwan siminti. A fi ba bangon gabas kulawa, domin daga can hadari ke tasowa, shi ruwa ya fi duka. Kuma kada a shafa siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa, ba sa kama juna, ruwa zai shiga tsakaninsu ya ɓare. Idan da hali, a sa magini ya yi ɗan zanen dagi a saman ƙofa tun yaɓe yana ɗanye, irin wanda ake gani a tsofaffin gidajen Zariya da Damagaram. A ciki kuwa, sabuwar tabarma, jeren faya-fayai masu launi a bango, da labulen atamfa sun isa su sauya ɗaki.

To malam, an ce araha ba ta ado, amma ka ga a nan abin saye bai wuce siminti, bututu da ɗan raga ba, saura ƙarfinka ne da na yaranka. A shekarar 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bayan gida a fili, kuma da irin waɗannan masai na gida-gida aka kai ga haka. Idan kuɗi ba su isa duka ba, fara da rami da murfi da wurin wanke hannu, farar ƙasa ta biyo baya. In ka gama ka rubuto mana yadda aka ƙare.