Babban banki ya kama hannun ƙarami a Amurka

Mun san yadda yaro ke koyon ƙira. Yana zama gaban maƙeri, yana zuga, yana kallo, har ranar da za a miƙa masa masaba. A ƙasar Amurka, gwamnati ta bi irin wannan hanya tsakanin bankuna.

Ga mafarin zancen. Baitulmalin Amurka ba ya iya karɓar haraji da biyan jama'a haƙƙinsu shi kaɗai. Sai ya ɗauki waɗansu bankuna su zama wakilansa, yana biyan su ladan aiki. Amma aikin yana son na'urori masu tsada, da ƙwararrun ma'aikata, da tsaro mai ƙarfi. Don haka manyan bankuna ke kwashe mafi yawansa. Ƙanana kuwa, musamman na baƙar fata, sai kallo.

Waɗannan ƙanana ba banza aka kafa su ba. A da, manyan bankuna sun sha hana baƙar fata bashin gina gida ko na sana'a. Sai mutanen suka haɗa kuɗi, suka buɗe nasu. Industrial Bank ya buɗe a birnin Washinton a 1934, Liberty Bank kuma a New Orleans a 1972. A 2001 bankunan baƙar fata 48 ne. A 2020 ba su kai rabin haka ba. Duk wanda ya rufe, mai ƙaramin shago na unguwar ya rasa wurin da aka san fuskarsa, aka san gaskiyarsa.

A 2018 baitulmali ya buɗe shirin haɗa babba da ƙarami. JPMorgan Chase, bankin da ya fi kowane girma a ƙasar, ya ɗauki Liberty Bank da Harbor Bank na birnin Baltimo. Citi ya ɗauki Industrial Bank. Ma'aikatan babba suka riƙa nuna wa na ƙarami ƙa'idodin aikin gwamnati, da yadda ake tsare kuɗi a kwamfuta, domin wata rana shi ma ya nemi wakilcin da kansa.

A ganinmu shirin ya yi kyau, amma da sauran magana. Wanda ya iya ƙira, ba shi da ƙarfe ba shi da gawayi, ba zai fid da ko lauje ba. Ciwon ƙananan bankuna shi ne ƙarancin jari. A 2021 JPMorgan Chase ya zuba dala miliyan 40 cikin ƙananan bankuna 4, har da Liberty. (Dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ba!) Ga bankin da dukiyar hannunsa ta wuce dala miliyan sau miliyan 3, wannan ɗan tsaba ne. Ga ƙarami kuwa ya yi auki, don doka na barin banki ya ba da bashin dala da yawa bisa kowace dala guda ta jarinsa.