Motar lantarki a hanyar Dogon Dutsi: Wace irin tashar caji ce za ta dace da Arewa?

Daga Yamai zuwa Dogon Dutsi tafiyar kimanin kilomita 270 ce a kan babbar hanyar RN1, wadda ke bi ta Dosso ta wuce Birnin Ƙonni da Maraɗi. Ƙaramar motar lantarki mai batir na kilowat-awa 50 za ta iya cinye kusan duk cajinta a wannan tafiya, musamman idan an kunna na'urar sanyaya mota a zafin watan Afrilu. Don haka duk ɗan Arewa da ke ƙasar waje, mai tunanin aiko da irin wannan mota gida, tambayar farko da ke gabansa ita ce: a ina za a yi mata caji, kuma da wace irin na'ura?

Soket ɗin gida

Hanya mafi sauƙi ita ce jona motar da soket na gida mai ƙarfin volt 220, irin wanda kamfanin NIGELEC ke bayarwa. Ba ya buƙatar wani gini, sai dai yana da nawa: kilowat biyu da 'yan kai kawai yake turawa, wato batir mai kilowat-awa 50 zai shafe fiye da awa 20 kafin ya cika. Ya dace da mai zirga-zirga cikin gari, muddin wayoyin gidan masu kauri ne da ba za su yi zafi ba.

Akwatin bango

Nau'i na biyu akwati ne da ake kafawa a bango, mai ƙarfin kilowat 7 zuwa 22. Mai kilowat 7 kan cika wannan batir cikin awa bakwai zuwa takwas, wato a kwana ɗaya. Shi ake sawa a otal-otal, ma'aikatu da harabar gidaje. Mai kilowat 22 kuwa sai da layin wuta mai fas uku, kuma ba kowace mota ce ke iya karɓar wannan ƙarfin ba.

Caji mai sauri

Wannan shi ne na matafiya. Yana tura wutar DC kai tsaye cikin batir, daga kilowat 50 har zuwa 350. Mai kilowat 50 kan ɗaga batirin daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari a kimanin minti 40, daidai lokacin sallah da cin abinci a tasha.

Matsalar ita ce wutar da yake ja. Na'ura ɗaya tamkar an kunna dutsen guga 50 ne a lokaci guda, don haka tana bukatar taransifoma mai ƙarfi. Yammacin Nijar kuwa ya daɗe yana dogaro da wutar da ke shigowa daga Najeriya ta layin Birnin Kebbi. Lokacin da aka katse ta a watan Agustan 2023 sakamakon takunkumin CEDEAO, an shafe watanni ana fama da ɗauke wuta, har sai da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024.

Hasken rana da musayar batir

Abin da Arewa ba ta rasa ba shi ne rana. A ƙetaren iyaka, hukumar NADDC ta Najeriya ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato a 2021, zamanin shugabancin Jelani Aliyu. Irin wannan tasha na haɗa farantan sola da manyan batura, ta tara wuta da rana, ta bayar ko da dare.

Akwai kuma tashar musaya, inda ɗan kabu-kabu ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintuna. Kamfanin Spiro na wannan aiki a Benin da Togo. A garuruwa irin su Tibiri, inda babur ne ke kai mutane kasuwa da asibiti, wannan tsari ya fi kusa da bukatar jama'a, domin batirin babur ƙarami ne, rumfar sola ɗaya na iya cika da yawa.

Kafin a biya kuɗin mota

Bakin caji ba iri ɗaya ba ne. Motocin Turai na amfani da Type 2 da CCS2, na kasuwar China da GB/T, tsofaffin Nissan Leaf da CHAdeMO, yayin da na Amurka ke zuwa da CCS1 ko bakin Tesla. Motar da bakinta bai dace da na tashar ba sai da mahaɗi na musamman, wanda ba lallai a same shi a kasuwar Dutsi ba.

Saboda haka mai aiko da mota ya haɗo ta da wayar cajinta da mahaɗin da ya dace, ya kuma sa ma'aikacin lantarki ya duba wayoyin gidan da za a ajiye ta tun kafin ta baro tashar jirgin ruwa.