Yadda Ake Auna Nauyin Bishiya Tana Tsaye

A shekarar 1713, wani jami'in haƙar ma'adinai a yankin Saksoni na ƙasar Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga yadda ramukan haƙa da wuraren narka azurfa ke cinye dazuzzuka. Sai ya wallafa littafi yana kira da kada a sare itace fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Faɗin haka ba wuya. Amma ta yaya za a san abin da daji ke ƙarawa a shekara, alhali ba a ɗora bishiya a kan sikeli?

Bishiyar da Turawan Ingila ke kira bic, masana kuma ke kira Fagus sylvatica, ita ce ta fi yawa cikin bishiyoyi masu faffaɗan ganye a Jamus. Itacenta yana da nauyi, yana kuma jimawa yana ci a murhu, shi ya sa ake rububinsa lokacin hunturu.

Dabarar masana ita ce su sare bishiyoyi kaɗan, manya da ƙanana, bayan sun auna kaurin kowace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin mutum. Sukan auna nauyin gangar jikinta da na rassa daban-daban, sa'an nan su busar da gutsattsari a tanda har nauyinsu ya daina raguwa, domin ruwa kan kai kusan rabin nauyin ɗanyen itace. Daga nan ake fitar da lissafin da ke danganta kauri da busasshen nauyi. Dangantakar ba miƙaƙƙiya ba ce: in kauri ya ninka sau biyu, nauyi kan ninka sau biyar ko shida. Kuskuren santimita kaɗan a kan babbar bishiya kan ɓata lissafin fili guda. Lissafin bic kuwa ba zai yi wa marke ko ƙirya aiki ba, kowane iri da nasa.

Bayan wasu shekaru akan koma wa bishiyoyin da aka yi wa alama a sake auna su. Ƙarin da aka samu shi ne iyakar abin da ya kamata a ɗiba. Ko a hakan, akan bar ganye da ƙananan rassa su ruɓe a wurin, domin a cikinsu sinadaran gina ƙasa suka fi taruwa. Farin da aka yi a Jamus daga 2018 zuwa 2020 ya raunana bic da yawa.