Fuskar kwamfuta daban, injinta daban

Wanda ya saba da wayar Tecno, in aka miƙa masa Samsung, sai ya ɗan yi lalube kafin ya gano inda ake kunna data. Amma duka biyun Android ce a ciki. Abin da ya bambanta su shi ne fuskar da kowane kamfani ya ɗora: Tecno na da HiOS, Infinix na da XOS, Samsung kuma One UI. Ita kanta Android a kan Linux aka gina ta. Ke nan mai POS a kasuwar 'Yargoje da mai cajin waya a tashar Ƙanƙara sun daɗe da Linux a aljihu, ko da ba su taɓa jin sunanta ba. Haka abin yake a kwamfuta mai buɗaɗɗiyar manhaja, sai dai a can mai na'urar ne da kansa ke zaɓar fuskar da yake so.

Wannan zaɓi ya shafe mu kai tsaye. Laftof da dama da ke shigowa garuruwanmu na hannu ne, irin su HP da Dell da Lenovo da suka sha aiki a wata ƙasa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba bai wa Windows 10, ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗan da tsofaffin na'urori da yawa ba su cika ba. Ga shi tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta, yaro daga 'Yargoje ko Faskari ko Sabuwa kuwa yana iya shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Tsohuwar laftof da aka jingine don ta yi nauyi tana iya zama wurin koyon wannan yaro, muddin an sa mata fuskar da za ta iya ɗauka.

Abin hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai Linux ɗin kanta, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland. Aikinta shi ne hulɗa da kayan cikin na'ura: madannai, ma'ajiya, batir, da raba ƙwaƙwalwa tsakanin manhajoji. A samanta akwai tsarin da ke kai hoto allo. Na da shi ne X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, yanzu kuma Wayland, da aka soma a 2008, yana karɓar ragama. Sai mai kula da tagogi, wanda ke yanke inda kowace taga za ta tsaya da wadda za ta rufe wata. A saman duka sai fuskar da ido ke gani: sandar agogo da alamar batir, jerin manhajoji, mai buɗe fayiloli, da wurin saiti.

Ɗauki misalin malamin makaranta da ke son buɗe takardar jarrabawar da ya buga jiya. Ya danna linzami sau biyu a kanta. Linux ta ji dannawar, ta miƙa wa tsarin allo, shi kuma ya duba ya ga kibiya na kan tagar fayiloli, ya sanar da ita. Mai buɗe fayiloli ya gane takarda ce, ya kira manhajar rubutu ta LibreOffice, mai kula da tagogi ya ba ta wuri a allo. Duk wannan kafin malam ya ɗaga yatsa. A Windows an haɗe waɗannan matakai, fuska ɗaya ce ga kowa. A Linux kuwa, da yake rubutun manhajar a buɗe yake, ana iya cire hawan sama a sa wani ba tare da an taɓa na ƙasa ba.

Shi ya sa fuskokin suka yi yawa. Matthias Ettrich ya fara KDE a Jamus a 1996, Olivier Fourdan ya fara Xfce a Faransa a wannan shekarar, sai Miguel de Icaza da Federico Mena na ƙasar Meziko suka kafa GNOME a 1997. Da GNOME ta sauya kamanni gaba ɗaya a 2011, waɗanda sauyin bai yi wa daɗi ba suka ɗauki tsohon rubutun suka ci gaba da shi da sunan MATE, masu wani nau'in Linux da ake kira Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon. Ba wanda ya nemi izinin kowa, domin lasisin manhajar ya ba da wannan dama tun farko.

To wacce ce ta dace da wa? GNOME, wadda nau'in Linux mai suna Ubuntu ke zuwa da ita, ta fi kama da waya: manyan alamomi, ka rubuta sunan abin da kake nema ya fito. Tana da tsafta, amma tana son na'ura mai ƙarfi. KDE Plasma ta mai son gyara komai da hannunsa ce. Cinnamon ta ajiye jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, inda hannun wanda ya saba da Windows zai nufa da kansa. Xfce da LXQt su ne marasa nauyi, ba su da ado da yawa, don haka suna bar wa aiki mafi yawan ƙwaƙwalwar na'ura. Laftof mai ram gigabait 2 ko 4 a nan take numfasawa. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Gwaji ba ya buƙatar goge komai. Ana sauko da ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, kamar Linux Mint ko Xubuntu ko Lubuntu, a rubuta a filash, a soka a laftof. Da an kunna sai a yi ta danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce, a zaɓi filash daga jerin da zai fito. Bayan ɗan lokaci sabuwar fuska za ta bayyana, Windows da fayilolinka kuma suna nan yadda ka bar su. A nan ne za ka duba ko sauti na fita, ko tana ganin intanet ɗin wayarka, ko firintarka na amsawa.

Saukowar na cin kimanin gigabait 3 na data, amma sau ɗaya ne. Filash guda na iya zagaya makarantu goma, kuma halal ne a doka. Mutanen wannan yanki sun san darajar abin da ke aiki ba sabis: a Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Linux Mint tana zuwa da manhajar rubutu da ta lissafi a cikinta, ba ta neman lambar rajista. A wurin saitin madannai kuma akwai tsarin Hausa na Najeriya, mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Ƙasar nan ma ba baƙuwar wannan harka ba ce: an yi Wazobia Linux mai fuska da Hausa da Yarabanci da Ibo, sannan a 2007 yaran firamare ta Galadima a Abuja sun yi karatu da ƙananan laftof masu wata fuska ta yara mai suna Sugar.

Akwai inda gizo ke saƙa. CorelDraw, da masu buga katin biki da fosta suka dogara da ita, ba ta da sigar Linux a yanzu. Akwai makamanciyarta Inkscape, amma sai an sake koyo. Wanda abincinsa ke kan irin wannan manhaja kada ya yi gaggawar sauyawa. Amma ga makaranta, ko Islamiyya mai son buga takardu, ko ɗalibi mai shirin JAMB, ba abin da zai rasa. Riƙe linzami, buɗe taga, bugun haruffa da adana fayil iri ɗaya ne a kowace fuska, kuma wanda ya koya a Xfce zai zauna gaban kwamfutar cibiyar jarrabawa hannunsa ba ya rawa. Saboda haka duk mai tsohuwar laftof a ajiye, ya nemi filash ya gwada ta kafin ya yanke cewa ta gama aiki, in ta tashi kuma ya zaunar da yaran unguwa a gabanta.