Kabewar Rani: Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Ba da Kuɗi

Fatake da dillalai da 'yan sari, muna jawo hankalinku kan sha'anin kabewa, domin da yawa cikinmu sukan ba manomi kuɗi tun tana yaɗo, daga baya a zo ana rigima.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya wadata a Kura da Bunkure da Kadawa, har mutanenmu na Dawakin Kudu suka shiga noman rani. To amma ku sani, ruwa kaɗai ba ya yin kabewa. Alkama da tumatir su ne masu son sanyin hunturu. Ita kabewa ɗumi take so.

Irinta yakan tsiro da sauri idan zafin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30. In ya yi ƙasa da 15, sai ya daɗe a rami, wani ma ya ruɓe. Daren Disamba da Janairu kuwa a ƙasar Kano sau da yawa yakan sauka ƙasa da haka. Zafin ma in ya wuce 35, kamar na Maris da Afrilu, fure yakan zube, 'ya'yan su ƙi kamawa. Saboda haka wanda ya shuka a Oktoba, ƙasa da sauran ɗuminta, shi ne ya dace. Wanda ya shuka a Fabrairu, furensa zai gamu da zafin bazara, sai ya dage da ban ruwa.

Game da haske kuma, tana bukatar rana kamar awa 6 zuwa 8 kullum. Wadda aka shuka a gindin mangwaro ko cikin masara mai kauri, ganye za ka gani jibgi, 'ya'ya kaɗan. Furen yana buɗewa da sassafe, ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin namijin fure ya kai wa macen, wato mai ɗan ƙullutu a gindi. Manomin da ke fesa magani da safe, ya kori ma'aikatansa da kansa.

To ɗan'uwa, kafin ka zare kuɗi daga aljihu, tambayi ranar shuka, ka lissafa wata 3 zuwa 4. Je ka gonar da ƙafarka, ka ƙirga macen fure, kar yawan ganye ya ruɗe ka. Ranar ɗauka, danna farce a bawo; in ya shiga, ba ta ƙosa ba, ba za ta jure ajiya ba. A yanke ta da guntun karanta, a ajiye a inuwa mai iska, kar a tula ta a rana a 'Yan Kaba. Wadda ta ƙosa takan yi watanni, ka sayar lokacin da masu miyar taushe ke nemanta.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya raba mu da asara. Haza wassalam.