Abin Da Maƙoƙo Ke Faɗa Game Da Jikinmu

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa kaɗan da maƙogwaro, akwai wata 'yar halitta mai ɓangare biyu da likitoci ke kira tayirod. Nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 25 ba, kuma yawancin mutane ba sa sanin da zamanta sai ranar da ta kumbura aka ce wance ta yi maƙoƙo. Daga nan sai hankali ya koma kan kumburin: a shafa magani, a yi tsaga, a ja mayafi a rufe. Alhali kumburin alama ce kawai. Babbar ɓarnar tana aukuwa ne inda ido ba ya kaiwa, kuma rigakafin mafi yawanta bai fi ƙarfin kowane gida ba.

Aikin tayirod shi ne haɗa sinadaran da ke ƙayyade saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har girman ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ba ta iya haɗa su sai da aidin, wanda jiki ba ya samarwa da kansa, sai dai ya shigo ta abinci. Takan tsamo shi daga jini ta ɗaura a jikin wani furotin da take tarawa cikin ƙananan jakunkuna, ajiyar da kan isa wata biyu zuwa uku. Daga wannan ajiya take sakin sinadari iri biyu: T4 mai ƙwayar aidin huɗu, da T3 mai uku. T4 ya fi yawa, sai hanta da ƙoda da sauran gaɓoɓi su cire masa ƙwaya ɗaya ya zama T3, wanda ya fi ƙarfin aiki. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai juna biyu kuma 250. In aka tara na tsawon rayuwar mutum, bai wuce cikin ƙaramin cokali ba.

Tayirod ba ta aiki da ra'ayin kanta. Wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus yana umartar wata halitta da ke ƙarƙashinsa, fituwitari, ita kuma ta saki sinadarin TSH cikin jini domin zaburar da tayirod. In T4 da T3 sun wadata, sai a rage umarnin. In sun yi ƙasa, sai a ƙara. To idan aidin ne babu fa? TSH zai yi ta hauhawa, tayirod ta yi ta ƙara girma don cika umarni, tamkar masaƙar da ake ta ƙara wa ma'aikata alhali zare ne ya ƙare. Wannan girman shi ne maƙoƙo. Shi kuwa mai ƙarancin sinadarin yakan ji kasala da sanyi ko ana zafi, fata ta bushe, ciki ya ɗaure, tunani ya yi nauyi. Mafi muni shi ne abin da ke samun ɗan tayi. A farkon watannin ciki, sinadarin uwa kaɗai ƙwaƙwalwarsa ta dogara da shi, kuma in ya yi ƙaranci sosai ana iya haifar yaro mai tawayar fahimta, ko kurma, ko wanda ba ya tsawo. Maƙoƙo na iya sacewa ko a cire shi, amma ginin ƙwaƙwalwar da ya wuce ba ya dawowa.

Tarihi ya nuna cewa ana iya kauce wa wannan. A 1917 likita David Marine ya fara bai wa 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron na Amurka, maƙoƙo ya ragu ƙwarai a cikinsu. Suwizalan, wadda ƙauyukan duwatsunta suka yi fama da matsalar, ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Najeriya kuma ta wajabta hakan a 1993. Al'ummar da ke nesa da teku ta fi buƙatar wannan, domin kifin teku na cikin abincin da ya fi aidin, kuma rogon da ba a jiƙa da kyau ba da yawan dogaro da gero na iya tauye aikin tayirod idan dama aidin ya yi ƙaranci.

Wani zai ce ai likitoci ne ke hana cin gishiri saboda hawan jini. Gaskiya ne, Hukumar Lafiya ta Duniya na son kada baligi ya kai giram 5 a rana. Sai dai ba a ce a ƙara gishiri ba, cewa aka yi ɗan da za a ci ya kasance mai aidin, a kuma adana shi a rufe, nesa da rana da laima, don aidin kan gushe. Wani kuma zai ce ya san mai cin gishiri mai aidin da ya yi maƙoƙo. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne hasashe ke da haɗari. Akwai cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke lalata tayirod, da cutar Graves, inda take zuga ta har sinadarin ya yi yawa: mutum ya rame yana ci, zuciya na bugawa da sauri, hannu na rawa, wani lokaci idanu su firfito. Ɗura wa irin wannan mutum aidin na iya ƙara masa ciwo. Gwajin jini na TSH da T4 ne ke bambancewa, kuma kowane ɓangare na da maganinsa: levothyroxine ga mai ƙaranci, carbimazole da makamantansa ga mai yawa.

Saboda haka nauyin ya rataya a wurare biyu. Uwargida ta duba alamar aidin kafin ta sayi gishiri, musamman in akwai mai ciki ko mai shayarwa a gidan. Wanda kuma ya ga wuyansa ya tasa, ko jikinsa ya sauya ba dalili, ya nemi gwajin jini kafin ya sha ko ya shafa komai.