Maganar da muke yi da kanmu: yaushe take magani, yaushe take ƙara ciwo?

Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya, kuma galibi abin da mutum ke furtawa a gaban jama'a ake nufi. Amma akwai wata maganar da ba mai jin ta sai mai ita, wadda yake yi da kansa a zuci tun daga farkawa har kwanciya. "Ni dai ba ni da sa'a." "Kaina ba ya ja." "Mu 'yan zango ai ba mu da rabo a boko." Duk malamin da ya taɓa riƙe ajin da ke shirin jarrabawar BECE ya san yaran da irin waɗannan kalmomi suka kayar tun kafin a raba takardar tambayoyi.

Shawarar da ta yi yawa a bakin matasa yanzu ita ce mutum ya tsaya gaban madubi kowace safiya ya yi ta yabon kansa: ni gwarzo ne, ni mai nasara ne, ba abin da zai gagare ni. To, shin abin yana aiki kuwa?

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani mai haɗa magunguna ɗan Faransa, Emile Coue, wanda ya rasu a 1926, ya yi suna a Turai da Amurka da koya wa mutane jimla guda mai nuna cewa kullum suna ƙara samun sauƙi. Ya ce a riƙa maimaita ta sau 20 safe da dare, ana ƙirgawa da igiya mai ƙulli 20, kamar dai tasbaha. Jama'a sun yi ta tururuwa wurinsa, sai dai a wancan zamani ba a auna abin da ma'aunin bincike ba.

Da aka zo aka auna, sai aka ga abin mamaki. A 2009, Joanne Wood da abokan aikinta a Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada suka sa ɗalibai su riƙa faɗa wa kansu cewa su abin so ne, duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. Waɗanda dama suke ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi. Amma waɗanda ke raina kansu, wato ainihin masu buƙatar taimakon, sai yanayinsu ya ƙara lalacewa. Dalili kuwa a fili yake: idan baki ya faɗi abin da zuciya ba ta yarda da shi ba, zuciyar gardama take tayarwa, ta shiga jero wa mutum hujjojin da ke ƙaryata shi. Ka ce wa yaron da ya faɗi lissafi sau uku ya riƙa cewa shi ne zakaran aji, ai ka tuna masa faɗuwar ne kawai.

Akwai wata hanyar da ta fi tsayawa da ƙafafunta. Masanin halayyar ɗan Adam Claude Steele ya yi bayani a 1988 cewa idan wani abu ya taɓa mutuncin mutum, tuna masa da wani ɓangaren rayuwarsa mai daraja yana rage masa raɗaɗi. Geoffrey Cohen da abokansa suka kai wannan cikin aji a Amurka, suka buga sakamakon a mujallar Science a 2006. An ba yara 'yan aji bakwai minti 15 su zaɓi abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsu, kamar iyali ko addini ko abokai, su rubuta dalili. Ba a ce su yabi kansu ba. A ƙarshen zangon karatu, tazarar maki tsakanin yara baƙaƙen fata da farare ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Da aka sake gwadawa a wasu makarantun daga baya, ba ko'ina aka samu irin wannan ba, don haka kada a ɗauke shi laya. Amma darasin ya shafe mu: yaron da ke shiga aji ɗauke da tsoron abin da ake faɗa a kan unguwarsu, ko a Nima ko a Aboabo, rabin hankalinsa yana wurin kare kansa ne. In ya tuna cewa darajarsa ba a takarda ɗaya ta rataya ba, sai hankalin ya dawo kan tambaya.

Wani binciken na Ethan Kross a Jami'ar Michigan a 2014 ya nuna cewa kiran kai da suna yana taimakawa. Maimakon "na shiga uku", mutum ya ce wa kansa, "Wane, ka nutsu, ka taɓa wuce irin wannan." Kamar dai yadda za ka lallashi ƙaninka.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan fage. An san Manzon Allah (SAW) yana son kalma mai daɗi mai sa kyakkyawan fata, ya kuma hana camfi. Azkar ɗin safe da yamma ma kalmomi ne da muke maimaitawa, kuma ƙarfinsu yana cikin cewa zuciya ta gaskata su, ba harshe kaɗai ke motsi ba.

Saboda haka, in za ka zaɓa wa kanka ko ɗanka kalma, ta kasance gaskiya ce wadda zuciya za ta iya ɗauka. "Ban iya ba tukuna, amma ina koyo." "Jiya na yi tambaya biyu, yau zan yi uku." "Na faɗi jarrabawa, amma ni ne dai mai kula da kakata." Kuma a haɗa ta da aiki ko da ƙarami ne. Iyaye mu lura da namu bakin ma, domin "daƙiƙi" da "ba za ka yi albarka ba" da muke jefa wa yaro cikin fushi, su ne yake maimaita wa kansa bayan shekara ashirin.

Sai dai kalma tana da iyaka. Wanda ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, ko yana tunanin kashe kansa, ba madubi yake buƙata ba, likita yake buƙata. Bayan asibitocin ƙwaƙwalwa na Akra da Pantang da Ankaful, asibitocin gundumomi da dama suna da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Tun 2023 kuma majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don haka ba sauran tsoron 'yan sanda da zai sa a ɓoye mara lafiya a ɗaki. A yi masa addu'a, a faɗa masa magana mai daɗi, sannan a riƙe hannunsa a kai shi asibiti.